Garin Neman Gira: Magana a Kan Furfura da Rini

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, faɗa na zo yi, kuma da mu mata zan fara kafin in juya kan iyayen gidan namu. Wadda maganar ta taɓa ta yi haƙuri, Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar furfura ce, da irin azabar da muke gana wa kawunanmu saboda ita. Ku je gidan kitso ku zauna ku sha kallo. Mace da girmanta da 'ya'yanta za ta cire ɗankwali tana waige-waige kamar wadda ta ɗauko kayan sata. Da mai kitso ta tsaga gashin ta ce, "Hajiya, sun fa fito," shi ke nan an ɓata mata yini. Kafin magariba an aiki yaro kanti ya sayo rini, alhali ko sati uku ba a yi da shafa na baya ba. Wata ma ba za ta iya jiran yaron ba, sai ta sa hannu ta tsige, ko ta ɗauko kwalli ta bi tsagar kitson da shi. Haba jama'a! Yaushe farin gashi ya zama abin kunya a ƙasar da ake cewa da tsohuwar zuma ake magani?

Bari mu fara da sanin abin da muke yaƙi da shi. Kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fatar kai, kuma a gindin ramin akwai wasu ƙwayoyi da Allah Ya ɗora wa aikin zuba wa gashi launi. Masana suna kiran launin nan melanin, shi ne dai wanda ya ba fatarmu baƙinta. Idan ƙwayoyin suka gaji suka ajiye aiki, gashin zai ci gaba da tsirowa amma ba launi, furfura ke nan. Lokacin da za su gaji kuwa, galibi gado ne. Dubi mahaifiyarki, dubi gwaggonninki, kin ga hanyar da naki kan zai bi. Likitocin fata sun lura cewa Turawa kan fara a tsakiyar shekarunsu na 30, mu baƙar fata kuwa sai wajen tsakiyar 40, amma gida-gida abin ya bambanta, akwai zuri'ar da tun suna makaranta ake ganin silin fari a kansu.

Ban da gado akwai wasu dalilai. Ƙarancin sinadarin B12, wanda ake samu a hanta, nama, kifi, ƙwai da nono, yana jawo furfurar wuri. Haka ciwon ƙwayar nan ta maƙogwaro mai haddasa maƙoƙo, haka kuma shan taba. Sannan abin da kakanninmu ke kira furfurar wahala ma ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun gwada a jikin ɓeraye, suka ga tsananin tashin hankali yana ƙarar da ƙwayoyin da ke samar da masu zuba launin nan, gashi ya koma fari. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo kan maza.

To yanzu ga lissafin da mai sayar da rini ba zai taɓa zaunar da ke ya yi miki ba. Gashin mutum yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, kuma daga ƙasa yake turowa. Rini kuwa, komai tsadarsa, iyakarsa gashin da ya riga ya fito waje, ba ya shiga cikin ramin. Ashe ke nan ranar da kika rina, a ranar sabon farin ya kama hanya. Bayan sati biyu ya yi rabin santimita, kuma da yake kin rina sauran baƙi wuluk, ɗan farin nan sai ya fito tar kamar an ja layi da alli. Sai ki ce rinin jabu aka sayar miki, ko ki ce rini ne ke ƙara furfura. Ko ɗaya babu. Gashinki ne yake tsiro, alamar kina raye kina da lafiya. Wadda ta ce sai ta kashe layin nan duk sanda ya leƙo, ta ɗaura yaƙin da ba ranar gamawa, kuma fatar kanta ce filin daga.

Me ke cikin kwalbar da muke juyewa a ka? Rinin da ba ya wankewa yana zuwa ne da ruwa biyu da ake haɗawa. Akwai abin da ke buɗe bayan silin gashi, akwai wanda ke ƙona launinsa na asali, sannan akwai mai ba da baƙin, wanda a mafi yawan rini mai duhu wani sinadari ne da ake kira PPD. Shi wannan PPD sananne ne wurin likitocin fata. Jiki yana iya karɓarsa shekara da shekaru lafiya lau, rana ɗaya ya juya masa baya, sai ƙaiƙayi, sai ƙuraje masu ruwa a bayan kunne da wuya, sai fuska ta kumbura ido ya rufe. Kuma da zarar jiki ya ƙi shi, to ya ƙi shi ke nan har ƙarshen rayuwa. Saboda haka ne ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin da aka gama haɗawa, kuma ba su yarda a zana shi a fata ba sam.

Mu fa? Mu a fata muke zana shi! Baƙin dayis ɗin nan da ake yi wa amare da ƙawayen amarya fulawa da shi a hannu da ƙafa, mafi yawansa rinin gashi ne, PPD ne a cikinsa. Lallen gaskiya, ganyen da muka gada, ja yake yi ko ruwan ƙasa, kuma sai ya ɗauki awanni kafin ya kama. Duk abin da aka ce miki lalle ne amma ya yi baƙi ƙirin cikin minti 20, to an zuba masa wani abu. Yarinyar da ta saba zana dayis tun tana budurwa, tana iya koya wa jikinta ƙin sinadarin ba ta sani ba, sai ranar da ta fara rina furfura abin ya tashi. A Sudan, inda mata suka daɗe suna haɗa shi da lalle, asibitoci sun san shi a matsayin guba: wanda ya sha, maƙogwaro ke kumbura numfashi ya toshe, ƙoda ta lalace. Wannan abin ne muke ajiyewa a kan madubi inda ɗan yaye zai miƙa hannu ya ɗauka. In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama wuta, ai kin san sauran maganar.

Akwai kuma wani bincike da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar a 2019, bayan ta bi mata sama da 46,000 na tsawon shekaru. An ga cewa a cikin baƙaƙen mata, waɗanda ke shafa rinin da ba ya wankewa duk sati 5 zuwa 8 ko fiye da haka, sun fi waɗanda ba sa shafawa kamuwa da sankarar mama da kimanin kashi 60 cikin 100. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gani, kuma cutar tana da dalilai da yawa. Na yarda. Amma mai hankali idan aka ce mata akwai rami a hanya ba ta cewa sai ta faɗa za ta gaskata. Idan masu sati 5 ne ake wa wannan magana, ina ga mai sati biyu?

Sai masu dabarun tsakanin rini da rini. Mai tsigewa, ki sani tsigewa ba ta haifar da furfura goma kamar yadda ake faɗa, rami ɗaya gashi ɗaya yake fitarwa. Amma wanda zai sake fitowa fari ne dai, kuma yawan tsiga yana kashe ramin, ki gudu daga furfura ki faɗa sanƙo. Mai goga kwalli, kwallinmu na dutse akwai dalma a cikin da yawa daga cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da aka kai masa daga Nijeriya sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata a yi mana dogon wa'azi ba. Kin cika kai da kwalli, kin kwanta a matashi ɗaya da goyonki, ya damƙi kitsonki ya kai hannu baki. Ita kuwa mai shafa man goge takalmi, wallahi ba ni da abin ce mata sai Allah Ya shirya. Kanki ne fa, baiwar Allah, wurin da kike shafa a alwala sau biyar a rana.

Mafi muni ita ce mai haɗa biyu a rana ɗaya saboda gobe biki: ta sa man miƙar da gashi da safe, ta rina da yamma. Man nan ya riga ya karya ƙarfin gashin, wani lokaci ya ƙona fatar ya bar rauni, sannan a zuba rini a kan raunin. Masu gyaran gashi na ƙwarai ba sa yarda a haɗa su sai an ba da tazarar aƙalla sati biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mata nawa ne gaban goshinsu ya zube ya koma kamar bayan ƙwarya, suna ɗaura ɗankwali har kan gira? Garin neman gira an rasa ido.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, "Ke ba ki san zafin kishiya ba ne? Ya kawo yarinya 'yar shekara 18, gashi har gadon baya, ni kuma in zauna da farin kai kamar kakarsa?" Wata ta ce kwalliya don miji ibada ce. Gaskiya ne, ibada ce, kuma ni ban ce a zauna da ƙazanta ko kai a tsefe kamar sheƙar angulu ba. Amma ki tsaya ki yi tunani. Mutumin da ya zauna da ke shekara 20, ya san shekarar da aka ɗaura muku aure, ya san shekarun ɗanku na fari, shi ne za ki ɓoye wa shekarunki da kwalbar rini? In zai ƙara aure zai ƙara ko da kanki ya fi tukunya baƙi. In kuma mai riƙon amana ne, silin fari ba zai kore shi ba. Ba ki isa ki yi tseren ƙuruciya da yarinya ba, ita ma kuma lokaci na nan na jiran ta. Abin da kike da shi wanda ba ta da shi, sanin halin maigida ne, da iya riƙe gida, da girman da 'ya'ya suka ba ki. Kada ki zubar da wannan ki koma kokawa da madubi.

Ku kuma iyayen gida, na san kuna ɗaukar littattafan nan a ɓoye kuna karantawa, to ku ji. Furfura ta fito muku a gemu an ce dattako, an ce Alhaji ya zama babban mutum, ana ba ku wuri a gaban sahu. Ta fito wa matarku, wadda ta haifa muku takwas, ta yi jego takwas, ta kwana a asibiti da kowane ɗaya, sai ku dube ta a gaban yara ku ce, "Tsohuwa, kin fa tsufa." Wasa ne a bakinku, ita kuwa da shi za ta kwana. Wani ma shi ne zai rine gemunsa da gashin baki baƙi wuluk ya fesa turare ya tafi zance wurin sa'ar 'yarsa. Laifi tudu ne. Kun ji dai abin da na faɗa a baya game da tashin hankali. Kafin ka ƙirga farin gashin matarka, ƙirga daren da ta kwana ba ta san inda kake ba, da ranar da ka fita ba ka bar kuɗin cefane ba.

Mu ma mata ba mu tsira ba, don mu ne 'yan sandan junanmu. Mu da kanmu a rufe yake, in ban da miji da mai kitso wa ke ganin gashinmu in ba mata 'yan uwanmu ba? A gidan suna ɗankwali ya zame, sai a fara zunɗe ana taɓa juna. Facala ta kai wa facala, dangin miji su mai da shi abin gori. Da za mu daina wannan, rabin masu sayar da rini da sun canza sana'a.

Addininmu kuwa bai bar mu cikin duhu ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya zo cewa Annabi Ibrahim (AS) ne farkon wanda ya ga furfura, da ya tambayi Ubangijinsa aka sanar da shi cewa kwarjini ce da natsuwa, sai ya roƙi a ƙara masa. Hadisi ya hana tsige ta, ya kira ta haske ga Musulmi. Rina ta kuma halal ne, har an kwaɗaitar. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa da gemunsa fari fat, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a canza launin amma a nisanci baƙi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. An kuma ruwaito cewa mafi kyawun abin canza furfura shi ne lalle da katam, wani tsiro da aka fi sani a Yaman. A Risala, littafin da muke karantawa a Islamiyya, rini da baƙi makaruhi ne ba tare da an haramta ba, lalle da katam kuwa ba laifi. Akwai malaman da suka tsananta a kan baƙin, akwai waɗanda suka sassauta wa matar aure don mijinta, sai ki tambayi malaminki. Abin lura shi ne, baƙi wuluk ɗin da muka fi rububi, shi ne malamai suka yi ja-in-ja a kansa, shi ne ya fi yawan PPD, kuma shi ne ya fi saurin tona asirin sabon tsiro.

To mene ne abin yi ga wadda ba ta shirya barin kanta fari ba? Na farko, ki koma ga lalle. Ki samu ganyen ki daka da kanki ki tankaɗe, ko ki saya wurin wadda kika amince da ita. Yana mai da fari ja kamar tagulla, kuma za ki iya bin gindin gashin da shi duk wata ba fargaba. In jan ya yi miki yawa, garin ganyen baba, tsiron da marina irin na Ƙofar Mata ke samun shuni daga gare shi, yana duhunta shi: a haɗe su ba da ruwan ƙasa, in kuma aka fara lalle aka wanke aka bi da baba sai ya yi duhu sosai. Ganyen nake nufi, kada wata ta je ta ɗebo ruwan karofi. Lalle yana busar da gashi, saboda haka ki bi shi da man kaɗe ko man kwakwa.

Na biyu, in rinin kanti za ki yi, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ki bar na awo da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda. Araha ba ta ado. Ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48 kowane karo, in ya yi ja ko ƙaiƙayi ki rabu da shi. Ki sa safar hannu, kada ki wuce mintocin da aka rubuta, kada ki kusantar da shi gira ko gashin ido. Sabon tsiron kawai za ki shafa wa, wanda ya riga ya rinu ba ya bukatar ƙari. Ki zaɓi ruwan ƙasa mai duhu maimakon baƙi, layin ba zai fito sosai ba. Sannan ki ja tazara, wata biyu ko fiye, duk satin da kika ƙara riba ce.

Na uku, a tsakanin nan kitso ne abokin rufin asirinki. Kowace tsaga taga ce da farin ke leƙowa, don haka ƙananan kitso sun fi tona shi. Ki ce a yi miki manya, a karkatar da tsagar daga inda furfurar ta fi taruwa, kuma kada a ja gaban goshi da ƙarfi. Akwai hoda da ɗan sanda irin na jan baki da aka yi musamman don rufe gindin gashi, wanki ɗaya ke fitar da su, sun ishe ki ranar biki. Sai dai ki wanke su kafin wankan tsarki, don duk abin da ya yi dabe a gashi yana iya hana ruwa shiga. Ɗaurin ɗankwali mai kyau kuwa ya fi su duka sauƙi. Masu tallar man da wai zai mai da furfura baƙa daga saiwa cikin kwana bakwai, ki riƙe kuɗinki ki sayi hanta da ƙwai.

Wadda kuma ta gaji ta ce ta daina, hanya a buɗe take. Santimita 1 a wata, cikin shekara guda kin samu wajen 12, kina datse tsohon rinin a hankali a ƙarƙashin ɗankwalinki ba wanda ya sani. Farin gashi wankakke da karkashi, ya sha mai, an yi masa shuku, wallahi ado ne.

Ku kuma 'yanmata da abin ya zo muku da wuri, in ba ki kai 30 ba kuma ba gadon gidanku ba ne, musamman in kina fama da kasala ko jiri, ki je asibiti a duba jininki da maƙogwaronki kafin ki je kanti. In gado ne, kada ki bari ya hana ki shiga cikin ƙawaye. Wanda ya zo neman aurenki da gaske, ki bari ya sani tun da wuri, ramin ƙarya ƙurarre ne. In ya gudu saboda silin gashi, Allah Ya raba ki da wahala ne tun ba a kai lefe ba.

Sa'o'inmu nawa muka raka makwanci da kansu baƙi ƙirin, wasu wurin haihuwa, wasu ko ɗakin miji ba su shiga ba? Iyayensu da za su samu, da sun so su gan su da furfura. Allah Ya ba mu tsawon rai mai albarka, Ya sa mu yi furfura cikin imani da lafiya da rufin asiri, Ya ba mu mazan da za su girmama ta.